Yadda ake ƙara modul ɗin sadarwa a PLC mai rak biyu ba tare da ka tsayar da aiki ba

Wannan bayani na masu aikin kwantirol ne, musamman yaranmu da suka fara shiga fanel a wuraren da ba a yarda aiki ya tsaya ko na minti ɗaya, irin masana'antar siminti ta wajen Ashaka, ko wajen wuta da tace ruwa na Dadin Kowa, ko manyan injinan shinkafa na cikin Gombe. A irin waɗannan wurare ne ake saka PLC biyu, wato kwamfutar da ke sarrafa injina, ɗaya na aiki ɗaya na zaune yana kwafar duk abin da na farkon yake yi, in na farko ya faɗi sai na biyu ya karɓa nan take. Toh wata rana oga zai ce maka ana so a haɗa sabon SCADA, wato manhajar sa ido a kan injina, ko wasu sababbin VFD masu sarrafa gudun motar injin, netwok ɗin da ke akwai ya cika, sai a ƙara modul na Ethernet. Zan yi bayanin a kan ControlLogix na Allen-Bradley, don shi ne zan iya bi da kai daki-daki, na Siemens zan taɓo shi a ƙasa.

Abu na farko da zaka sa a ranka, modul biyu zaka saya, ba ɗaya ba. Rak, wato akwatin da ake zura modul a ciki, na firamare mai aiki da na sakandare mai jira tagwaye ne, Hassan da Usaini, duk abin da ka saka wa wannan dole ka saka wa wancan: lambar modul iri ɗaya, siris iri ɗaya, famwaya, wato manhajar da ke cikin modul ɗin, iri ɗaya, kuma a sulot, wato gurbin da ake zura shi, mai lamba ɗaya. In ka saka a sulot 4 a rak A to sulot 4 ne a rak B, babu wani "ai 5 ne a buɗe". In suka bambanta ko da a abu ɗaya ne sakandare ba zai yarda ya daidaita ba, zaka ga DISQ, wato bai daidaita ba, a fuskar RM2, modul ɗin da ke haɗa rak biyun, har ka gaji da kallo. Don haka tun wajen oda daga Legas ko Kano ka gaya wa mai kawo kayan ya turo maka hoton lakabin da ke gefen kowanne, ka duba siris ɗin da idonka, saboda sau da yawa akan haɗo sabo da wanda ya kwana a sito, kwali iri ɗaya ciki daban.

Kuma ba kowane modul ne yake zama a wannan rak ɗin ba. Irin su 1756-EN2T da EN2TR su ne aka saba sakawa. Modul ɗin I/O, wanda ake jona wayoyin na'urorin fili a kansa, baya zama a rak mai tagwaye sam, haka ma na Modbus na wasu kamfanoni irin su ProSoft da mutane ke so don karanta janareto ko mita, wannan wurinsa a rak na nesa ne wanda rak biyun duka suke gani ta netwok. Wlh mutane da yawa a nan suke ɓata kuɗi.

Sai maganar famwaya, wadda ita ce ta fi cin lokaci. Kada ka je ka sauko da wadda ta fi sabunta kace ai sabo ya fi. Rockwell suna fitar da famwaya ta tsarin tagwaye a dunƙule ne, kwantirola da RM2 da modul ɗin Ethernet kowanne da lambar da aka gwada su tare. Ka duba lambar da kwantirolarka take kai, ka nemo takardar bayanin wannan dunƙulen, ka ga wace lamba aka rubuta wa EN2T, ita zaka saka wa duka biyun da manhajar ControlFLASH. Ka yi wannan a kan tebur da wani rak na ajiya, ba a cikin fanel mai aiki ba, kuma rak ɗin da laftof ɗin su kasance a kan UPS, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar filashin modul ɗin zai iya mutuwa, ga tsada ga jiran wani ya iso. Kasan halin wutarmu.

Tun yana kan tebur ɗin ka gama da adireshin IP. Nan akwai abin da yake rikita sababbi: modul biyun adireshi ɗaya zaka basu, sabnet ɗaya, getwe ɗaya. Eh, ɗaya. In suka shiga rak, wanda ke firamare zai riƙe adireshin, na sakandare zai ƙara 1 a lambar ƙarshe da kansa. Misali ka basu 192.168.1.20, firamare zai zama .20 sakandare .21, ranar da aka yi sauyi, wato sakandare ya karɓi aiki, sai su yi musaya, shi yasa HMI, wato allon ofareta, ke ci gaba da kiran .20 ba ruwanta da wane rak ne ke riƙe da ragama. Abin da wannan ke nufi shine dole .21 ta zama babu kowa a kanta, ka yi fing, wato ka kira adireshin ka ga ko wani zai amsa, ka tabbatar, kuma ka duba takardar adireshi don wata na'urar tana iya zama a kashe ranar, kamar firinta ko kyamara, sai ta tashi bayan sati ta hau kan adireshinka. A jikin EN2T akwai ƴan makunnai uku masu juyawa, in ka sa su tsakanin 001 da 254 adireshin zai zama 192.168.1. da wannan lambar, in a 999 suke kamar yadda ya zo daga kamfani to da manhaja zaka saita, ta USB ɗin gabansa ko ta BOOTP, in ka gama ka kashe BOOTP da DHCP ɗin, masu raba adireshi ta netwok, adireshin ya zauna daram. Ɗaya bayan ɗaya zaka saita su, kada ka jona su a suwic ɗaya a kan tebur lokaci guda, tunda adireshinsu ɗaya ne.

Ka leƙa lissafin wuta ma. EN2T yana jan amfiya 1 a layin 5.1V, PA72 mai ba rak ɗin wuta kuma amfiya 10 yake bayarwa a wannan layin, yawanci akwai sarari amma ka tara ka gani.

Yanzu ranar aiki. In akwai ranar da za a tsayar da injin don gyara to wallahi ka jira ta, ya fi maka kwanciyar hankali. In babu, ka karɓi famit, ka sanar da masu kwantirol rum cewa na ɗan lokaci za a zauna da rak ɗaya babu mataimaki, ka zaɓi lokacin da aikin yake a natse, ba lokacin da ake tada kilin ko ake canza famfo ba. Ka haɗu da kwantirola ta manhajar Studio 5000, ka yi aflod ka ajiye fayil ɗin ACD, wato na firogiram ɗin kwantirola, a wuri biyu, da kwanan wata a sunansa.

Ga inda ake faɗawa rami. Gaskiya ne modul ɗin ControlLogix ana iya zare shi a mayar da wuta a jiki, amma a tsarin tagwaye, saka modul ko zare shi a rak na firamare alhali sakandare yana SYNC, wato ya daidaita, yana jawo sauyi nan take, ragama ta koma ɗaya rak ɗin ba ka shirya ba, ga rak biyun kuma sun bambanta, babu mai komawa ya daidaita. Don haka kafin ka taɓa komai ka buɗe RMCT, manhajar saita RM2, ka mayar da Auto-Synchronization zuwa Never don kada ya riƙa ƙoƙarin daidaitawa kana tsakiyar aiki, sannan ka danna Disqualify Secondary. Ka taka da ƙafarka ka je gaban fanel ka karanta fuskar RM2 ɗin: ɗaya PRIM, ɗaya DISQ. Kada ka dogara da takardar da aka manna aka rubuta rak A ne firamare, wataƙila an yi sauyi watanni da suka wuce ba wanda ya lura.

Ka fara da sakandare. Kashe masa wuta, ɗaura abin hannu na sauke caji, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe ko rigarka ka taɓa sai ta yi tas-tas, ka cire murfin sulot, ka duba ko ƙura ta taru a bakin mahaɗin ka hure ta da busasshiyar iska, ka zura modul ɗin a kan layinsa har ƙugiyoyin sama da ƙasa su kama. Bayan nan ka koma firamare ka zura nasa a sulot mai lamba ɗaya, a hankali, hannunka kada ya bugi kebul ɗin fiba da ya haɗa RM2 biyun, kuma kada ka lanƙwasa shi. In wurin akwai gas ko ƙura mai kamawa da wuta to ba a saka modul da wuta a jiki, wannan sai an tsayar. Jona kebul ɗin Ethernet na duka biyun a netwok ɗaya, in suwic biyu ne ka tabbatar suna ganin juna, sannan ka kunna sakandare.

A Studio 5000 kana onlayin, ka je I/O Configuration ƙarƙashin bakfilen, wato rak ɗin da kwantirola ke ciki, ka ƙara modul ɗin, sau ɗaya kawai, da sulot ɗinsa da adireshin firamare wato .20. Ba a ƙara na sakandare daban, shi kwafa yake yi. In fitilar OK ta zama kore kuma adireshin yana wucewa a fuskar kowane modul yadda ka zata, sai ka koma RMCT ka danna Synchronize Secondary. Zaka ga QFNG, wato yana kan daidaitawa, na ɗan lokaci sannan SYNC. In ya koma DISQ kada ka tsaya dannawa kana maimaitawa, ka buɗe Event Log, yawanci zai nuna maka sulot ɗin da ya ƙi, kuma kusan kullum ɗayan ukun nan ne: famwaya ba ɗaya ba, adireshi ko sabnet ya bambanta, ko kebul ɗaya bai kama ba.

Ganin SYNC ba shine ƙarshen aiki ba, ni a wurina wanda ya tafi gida a nan rabin aiki ya yi. Da izinin masu kwantirol rum ka danna Initiate Switchover ka ga abin da zai faru. Sabon modul ɗin ya karɓi .20? SCADA ta dawo? Za a ga ɗan ɗaukewa a HMI lokacin musayar adireshi, wannan ba matsala bane, ka gaya wa ofareta tun kafin ya firgita. Amma in kana da umarnin MSG, na aika saƙo tsakanin na'urori, da ke bi ta sabon modul ɗin ka duba ko suna sake gwadawa da kansu bayan kuskure, in ba haka ba zasu maƙale a nan. Jira ya koma SYNC, ka sake yin sauyin ya dawo inda yake, don a gwada kowane rak a matsayin firamare.

Masu S7-400H na Siemens, tunanin ɗaya ne, modul ɗin Ethernet CP 443-1 biyu a sulot iri ɗaya, sai dai hanyar ta bambanta: a HW Config na STEP 7 ake gyara tsarin, a tsayar da CPU mai jira, a loda masa sabon tsari, a miƙa masa ragama, sannan ɗayan ya biyo. Ka bi littafinsu layi-layi, kada ka ɗauko matakan da na lissafa a sama ka kai can.

In komai ya zauna, ka mayar da Auto-Synchronization yadda ka same shi, wannan ne aka fi mantawa, a bar shi a Never sai ranar da aka yi sauyi na gaske sakandare ya ƙi dawowa. Ka sake ajiye ACD ɗin, ka rubuta .20 da .21 duka a takardar adireshi, ka manna lakabi a kebul biyun, ka gyara zanen da ke aljihun ƙofar fanel, sannan ka rufe famit.