Kurakuran Da Sababbin Ɗalibai Ke Maimaitawa Wajen Naɗar Aikin Ƙwaƙwalwa

Na gaji da ganin kowane sabon ɗalibi da ya shigo ɗakin gwaji yana faɗawa ramin da na taɓa faɗawa, shi ya sa na ga gara in rubuta wannan sau ɗaya in huta.

Babban kuskure shi ne ɗaukar duk layin da ya motsa a allon kwamfuta a matsayin aikin ƙwaƙwalwa. Na'urar EEG, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara naɗar ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ita a 1924, daga fatar kai take ɗaukar lantarki ba tare da tiyata ba, kuma abin da ke isowa gare ta bayan ya ratso ƙoƙon kai bai cika wuce maikirobolt 100 ba (maikirobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki). Ƙiftawar ido guda tana iya fin wannan ƙarfi, haka ma tsokar muƙamuƙi.

Ni kaina na shafe wata huɗu ina murnar gano wata igiya mai sauri da ke tasowa a gefen kai duk lokacin da aka ba mutane lissafi mai wuya, har na fara rubuta rahoto. Ranar da na bar kallon allo na zauna kusa da ɗaya daga cikinsu, sai na ga yana cije haƙora da zarar lissafin ya cushe masa. Ashe tsoka nake ta aunawa! Tun daga ranar, ba na fara naɗa sai na sa mutum ya ƙifta ido sau biyar, ya cije haƙora, ya haɗiye yawu, domin in ga kamannin kowanne a allo, sannan ya rufe ido in jira igiyar alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan, ta bayyana a ƙeya. Kada wani ya ce mini manhaja za ta share dattin daga baya. Wanda bai san kamannin datti ba, ta yaya zai gane an share shi?

Kuskure na biyu shi ne neman ƙwayar jijiya guda a cikin EEG, alhali abin da yake gani taron dubban ƙwayoyi ne da ke aiki a lokaci guda. Mai son jin ƙwaya ɗaya dole ya shiga cikin naman ƙwaƙwalwa da siririn tsinken awo, irin jerin allurai 100 da ake kira Utah ko tsinken Neuropixels da ya fito a 2017. A nan ma na sha ganin sakaci mai ban haushi: tartsatsin lantarkin da ƙwayar jijiya ke fitarwa kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan yake ɗauka, saboda haka ake ɗibar awo wajen sau 30,000 a sakan, amma sai ka iske ɗalibi ya bar na'ura a kan 500 da ya saba da shi a EEG, ya yi wa dabba tiyata a banza. Haka kuma tabo yana taruwa a jikin tsinken bayan makonni, sigina ya raunana, a ɗauka ƙwayoyin ne suka yi shiru.

Shi kuwa fMRI, wato hoton aikin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, iskar oksijin ta jini yake bi, wadda ke kaiwa ƙololuwa bayan kamar sakan 5, don haka ba a dogara da shi wajen sanin abin da ya riga wani cikin ƙiftawa da bismillah. Idan kuwa hayaniyar wutar lantarkin gini mai kaɗawa sau 50 ko 60 a sakan ta shiga sigina, a ɗabi'ata wayar ƙasa da jel ɗin da ke ƙarƙashin kowane ilektirod, wato ɗan ƙarfen da ake mannawa a fatar kai, nake fara dubawa kafin in taɓa matatar sigina.