Yadda nake gwada sigar beta ba tare da na taɓa faifan kwamfutata ba

Ubuntu, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta Linux, kan fitar da sabuwar siga a watan Afrilu da Oktoba, sigar gwaji kuma, wato beta, takan riga ta da 'yan makonni. Da ta fito nake sauke ta, don in san abu guda: za ta yi jituwa da kayan cikin kwamfutata kuwa?

Wasu kan ɗora ta cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, su ce komai lafiya lau. Ni ban yarda da wannan gwajin ba. Katin intanet da na hoto da manhajar ke gani a can na kwaikwayo ne, ba naka ba. Sai ta hau kan na'urar kanta za ka san gaskiya.

Ka samu filashi mai aƙalla gigabait 8 wanda ba ka da komai a ciki, don za a share shi kakaf. Sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ke ɗauke da manhajar, ka gwada lambarsa ta SHA256 da wadda masu manhajar suka wallafa don ka tabbatar bai lalace ba, sannan ka rubuta shi a filashin da manhajar Rufus ko balenaEtcher. In akwai Windows a kwamfutar kuma BitLocker, mai kulle bayanan faifai, na kunne, don Allah ka kwafi makullin cetonsa mai lamba 48 a takarda kafin ka taɓa saitin UEFI, wato saitin tashin kwamfutar. Sake kunna kwamfutar, danna F12 a Dell ko F9 a HP, ka zaɓi filashin. Gwadawa za ka zaɓa, ban da girkawa.

Fara da Wi-Fi. In bai ga komai ba, buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk. Za ta jero kayan cikin kwamfutar, da direban da ke riƙe da su, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa su, kuma in ba a nuna wa katin Wi-Fi direba ba, nan matsalar take. Katin Intel galibi yakan tashi da kansa, na Broadcom da wasu na Realtek sukan buƙaci ƙarin direba. In allo ya yi baƙi ƙirin tun farko, musamman a mai katin hoto na NVIDIA, sake tayarwa ka ƙara kalmar nomodeset a layin umarnin tashin manhajar. Daga nan ka bi lasifika, makirufo, kyamara, Bluetooth da maɓallan hasken allo, minti biyar sun isa.

Inda na fi daɗewa shi ne barci da farkawa. Na taɓa gwada wata beta, komai ya yi daidai, na girka ta. Washegari na rufe murfin kwamfutar na sa ta a jaka. Da na ciro ta bayan awa biyu, na ji ta zafi rau, fanka na ta gudu, batir ya kusa ƙarewa: ashe ba ta yi barcin ba sam. Tun daga ranar nake rufe murfi sau uku, sau ɗaya da caja, sau biyu babu, ina kasa kunne in ji fankar ta tsaya. Bayan kowace farkawa in duba ko Wi-Fi da sauti sun dawo, don nan ne suka fi ɓacewa.

Kada nawar filashi ta ruɗe ka, ba laifin manhajar ba ne. In kuma mai girkawa bai ga faifan ajiyarka ba, sau da yawa Intel RST, wani saitin faifai a UEFI, shi ne ya ɓoye shi. Mayar da saitin zuwa AHCI, wanda mai girkawar ke ganewa, kai tsaye na iya hana Windows tashi, don haka ni a faifan SSD na waje nake girka beta in ina son zama da ita mako guda.

Duk abin da ya ƙi aiki, ka adana abin da umarnin journalctl -b ya fitar a tamina kafin ka kashe, domin zaman filashi ba ya ajiye komai. A Ubuntu, umarnin ubuntu-bug linux zai tattara bayanan kayanka ya haɗa rahoton. Ka rubuta samfurin kwamfutar, abin da ka danna da abin da ya faru, ka tura tun ana sauran makonni kafin cikakkiyar sigar ta fito.