Darasi: Ciwon saiwar shammar da maganinsa mai rai

Shammar dai kun san shi, ɗan ƙwayar nan mai ƙanshi da ake sayarwa wajen masu maganin Musulunci tare da hulba da habbatus sauda, masu jego ma na dafa shi su sha. Indiya ce kan gaba wajen nomansa, musamman jihohin Gujarat da Rajastan, ana nomansa a Masar ma. A Indiya wani ciwon kan manomi yana ƙarƙashin ƙasa ne, inda ido ba ya gani.

Ka shiga gona da hantsi ka tarar wani tsiro ya yi yaushi, ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, ka ba shi ruwa har ka gaji amma shiru. Tumɓuke shi, ka tsaga saiwar da farce, in ka ga cikinta ya yi ja-ja kamar ƙasa to wata funfuna ce mai suna Fusariyam ta toshe hanyar ruwa. In kuma tsiron yana ƙarami ne ya ruɓe daidai wuya ya faɗi, yawanci wata funfunar ce mai suna Rizoktoniya. Matsalar su ita ce suna zama cikin ƙasa shekara da shekaru, feshi a ganye ba ya kai musu.

Maganin da manoman Indiya suka rungume shi ma funfuna ne, sunansa Tirikodama. Tun 1932 wani masani mai suna Richard Weindling ya ga yadda take nannaɗe Rizoktoniya ta cinye ta. Kuma tana riga mugayen kama wuri a jikin saiwa, wanda ya riga zama ai shi ke da tabarma. Ana sayar da ita gari a leda.

Aiki kashi biyu ne. Kafin shuka a zuba giram 4 a kowane kilo 1 na iri, a ɗan yayyafa ruwa a cakuɗa da hannu, a shanya a inuwa. Na ƙasa kuwa, kilo 2 da rabi a kwaɓa da kilo 50 na ruɓaɓɓen takin shanu, wannan na hekta 1 ne, a tara a gindin bishiya a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kullum a ɗan yayyafa ruwa, bayan kamar kwana 10 in ka ɗaga buhun za ka ga fari-fari yana komawa kore ya bazu a kan takin, kar ka ce ya lalace wallahi shi ne aikin ya yi, sai a watsa a gona da yamma ƙasa na da danshi.

Nan ne mutane ke kuskure, suna mantawa abu ne mai rai. A bar ledar a rana ta mutu, a haɗa ta da maganin funfuna irin kabendazim ta mutu, a saya wa'adinta ya wuce an yi asarar kuɗi. Kuma riga-kafi ce, tsiron da ya riga ya kwanta sai dai a cire a ƙone. Gonar da ciwon ya yi yawa a huta mata da shammar shekara 3, a sa dawa ko masara, kuma kar a bari ruwa ya kwanta a kwari.

Aikin gida: manomi yana da kilo 6 na iri da gona hekta 2. Rubuta giram nawa zai zuba a irin, kilo nawa na taki zai tanada.