Yadda nake ɗaukar hoton gajimaren Jauza'u ba tare da madubin hangen nesa ba

A Jidda nake zaune, kuma samanmu da daddare jajir yake saboda fitilu. Kaza da 'Ya'yanta ma da ƙyar ake hango su. Don haka aikin farko shi ne barin gari. Ni da ƙanena mukan nufi ramin Wahba, arewa maso gabas da Ɗa'ifa, mu kwana a can da bargo da butar shayi.

Duba kalandar Hijira kafin ka cika tankin mota. Daga 27 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa ne sama take baƙi ƙirin. Farin wata yana wanke abin da kake nema. Disamba da Janairu na fi so, don Jauza'u, wato rukunin taurarin da Turawa ke kira Orion, na fitowa da wuri, sanyi kuma na rage yashi-yashin da zafi ke sa wa hoto.

Kayana kaɗan ne: kyamara mai canza gilashi, gilashin milimita 135, ƙafa uku mai nauyi, da batir biyu. Nemi taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Jauza'u, ka gangara kudu da su kaɗan. Ɗan hazon da za ka gani shi ne gajimaren Jauza'u, wanda masana taurari ke kira M42, hayaƙi da ƙura inda ake haihuwar sababbin taurari, haskensa ya yi sama da shekara 1,300 a hanya.

Saita gani da hannu, ɗan'uwa. Kamo tauraro mai haske a allo, ka zuƙo shi, ka murza har ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manne zoben saita ganin da salatif. Na taɓa dawowa da hoto ɗari huɗu duk dishi-dishi, don hannun rigata ya goge zoben ban sani ba. Har yau abin na yi mini ciwo.

Sama tana juyawa digiri 15 a awa, saboda haka idan ka buɗe kyamara ya daɗe taurari za su ja wutsiya. Da gilashina sakan biyu nake ba kowane hoto, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 1600, ƙofar haske a f/2.8, a ajiye shi a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Hoto ɗaya kusan baƙi zai fito, kada ranka ya ɓaci. Ɗauki 300, kana dawo da gajimaren tsakiya duk bayan arba'in. Kafin ka naɗe kaya, rufe gilashin da murfi ka ƙara 30 da saiti ɗaya. Da su manhaja ke gane dattin kyamarar ta cire.

A gida ka zuba su duka a manhajar kwamfuta ta Siril ko DeepSkyStacker, kyauta ne. Suna ɗora hotunan kan juna, haske ya taru, yashin ya ragu: ka ninka hotuna sau huɗu, ya ragu da rabi. Sai ka ja hasken a hankali har fikafikan gajimaren su bayyana, ja-ja da shuɗi. Kada ka matsa har baƙin sama ya fashe.

Idan Oktoba ta zagayo, gwada M31, wato tarin taurarin nan mai nisa da ake kira Andromeda, wadda Abdurrahman As-Sufi ya kira ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Ita tana da faɗi, gilashin milimita 85 ma ya ishe ta.