Kurakuran masu kallon tsuntsayen kaka, da yadda za a gyara

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba tsuntsayen Turai da Rasha ke sauka a fadamun Hadeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, suna gudun sanyin ƙasashensu. Masu zuwa kallonsu na ƙaruwa, abin farin ciki ne, amma kurakuran nan dai su ake ta maimaitawa.

Wanda ya fi damuna shi ne tayar da su. Mutum ya hango garke a bakin ruwa a Dagona, wurin kare tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe, sai ya matsa, ya ƙara matsawa, wani har da tafi don su tashi ya ɗauki hoto. Tsuntsun nan fa Sahara ya ƙetaro, ƙanana daga cikinsu da kitsen jikinsu kaɗai suka yi guzuri, suna isowa a rame. Duk tashin da ka sa ya yi, abincin da ya tsinta ne ka ƙwace masa. Alamar a fili take: in sun daina kiwo sun ɗaga kai suna dubanka, ka wuce gona da iri. Ka ja da baya, ka zauna. In ka yi haƙuri su da kansu za su matso.

Sai rikita baƙo da ɗan gida. Shamuwa ba daga Turai take ba. Da damina take zuwa mana, kaka na yi ta nufi kudancin Afirka. Wato tana fita, baƙin na shigowa. Balbela da dinya da ƙirinjijiya kuwa na Afirka ne.

Hoton littafin tsuntsaye ma yana ruɗar sabon shiga. Yawanci ana nuna namiji cikin adon lokacin aure, alhali da kaka ya tuɓe wannan ado, ga kuma 'ya'yan bana da ba su rine ba. Kada ka tsaya kan launi. Dubi tsawon baki da ƙafa, da yadda yake tafiya da kiwo, ka rubuta nan take kafin ka buɗe littafi.

Kada ka fito da rana tsaka, kuma a bar farar shadda a gida. Bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, rana a bayanka, kaya masu launin ƙasa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa. Mai ƙarfi sosai rawa yake yi a hannu.

Kada ka raina masunta da masu kwalekwale, sun fi kowa sanin inda ruwa ya janye da inda garke ke kwana.

In ka ci karo da tsuntsu mai zobe a ƙafa, rubuta lambar da wurin da ranar, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Da lambar ake gane ƙasar da aka sa masa zoben.