Yadda Ake Riƙe Katunan Bashi Fiye da Ɗaya Ba Tare da Sun Rikita Ka Ba

Yawancin mutanen da na ga katunan bashi sun kayar da su ba almubazzarai ba ne. Suna da albashi, suna da niyyar biya, wasu ma kuɗin na zaune a asusunsu ranar da tara ta hau kansu. Kwanan wata ne ya ci su. Kowane kati yana da ranaku biyu da dole a kiyaye, ka ga mai kati uku ranaku shida ke kansa, kuma kowane banki da irin nasa lissafin. Ba zan ɓata lokaci wajen bambanta katin bashi da katin cirar kuɗi ba. Wanda ya riga ya riƙe biyu ko uku ya san na farkon kuɗin banki yake kashewa, na biyun kuma nasa.

Mataki na farko: zube su gabanka ka rubuta

Fito da katunan duka, har da wanda ka jefa a aljihun tebur ka manta da shi. Samu takarda guda, ko ka buɗe shafi a waya, ka rubuta wa kowanne abubuwa shida: iyakar bashin da aka ba ka, abin da ake bin ka yanzu, kuɗin ruwa na shekara wanda ake rubutawa APR, kuɗin riƙe kati na shekara idan akwai, ranar rufe lissafi, da ranar ƙarshe ta biya. Ni takarda na fi so, a manna ta inda ido zai riƙa faɗawa kanta, domin manhajar kowane banki katinsa kaɗai take nuna maka.

Wajen kuɗin ruwa ka lura, kati ɗaya kan zo da farashi fiye da ɗaya: na sayayya daban, na cirar tsabar kuɗi daban, kuma na biyun ya fi tsada kusan kullum. Tambarin Visa ko Mastercard da ke jikin katin bai gaya maka komai a kan wannan ba. Su hanya ce kawai da kuɗi ke bi, bankin da ya ba ka katin shi ke yanka ruwa da tara. Katuna biyu masu tambari ɗaya suna iya shan bamban ƙwarai.

Mataki na biyu: ranar rufe lissafi da ranar biya

A nan mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Ranar rufe lissafi ita ce ranar da banki ke tsayar da alƙalami, ya tattara duk abin da ka kashe a cikin kwana talatin ɗin da suka wuce, ya fitar da takardar wata. Ranar biya kuma tana zuwa bayan makonni uku ko fiye. A Amurka dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta a bar aƙalla kwana 21 tsakanin aiko da takardar da ranar biya. Wannan tazarar ita ce lokacin sassauci: idan ka biya duk abin da ke takardar kafin wa'adi ya cika, ba a ɗora maka ko ƙwandala na ruwa a kan sayayyarka.

A ce katinka yana rufe lissafi ranar 5 ga wata, ana biya ranar 28. Ka yi sayayya ranar 4 ga Maris, za ta faɗa takardar da za ta fito washegari, ka biya ranar 28 ga Maris, kwana 24 ke nan. Da ka jira zuwa 6 ga Maris, sai takardar 5 ga Afrilu za ta ɗauke ta, biyan kuma sai 28 ga Afrilu, kwana 53 babu ruwa. Kaya ɗaya, kati ɗaya, bambancin kwana biyu kawai wajen saye. Mai katuna da yawa yana da wannan damar fiye da kowa, domin idan babbar sayayya ta taso zai duba wane kati ne bai daɗe da rufe lissafi ba ya yi amfani da shi.

To, buɗe manhajar bankinka yanzu ka duba. Za ka ga lambobi uku, galibi a jere, kuma yadda aka tsara shafin ba ya taimakon sabon shiga. Akwai mafi ƙarancin abin da za ka biya, akwai jimillar takardar wata, akwai kuma bashin da ke kanka a wannan lokacin, wanda ya haɗa da sayayyar da ka yi bayan an rufe lissafi. Ta tsakiyar ce taka. Jimillar takardar wata za ka biya, cif, ba ragi. Ta ukun ba dole ba ce, ko da yake biyanta ba laifi. Ta farkon kuwa tarko ce.

Ga dalili. Ana bin ka 1,000, ko da kuɗin wace ƙasa ne, ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. A wata ɗaya ruwan ya kai 20. Bankuna da yawa suna lissafa mafi ƙarancin biya da kashi ɗaya cikin ɗari na bashin haɗe da ruwan watan, wato 30. Ka biya 30 ɗin, hankalinka ya kwanta, banki ma ya aiko da saƙon godiya, alhali 10 kacal ya fita daga uwar kuɗin. Yi wannan a katuna uku lokaci guda ka ga inda albashi ke zurarewa. Abin ya kai ga a Birtaniya hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta kafa doka a 2018 cewa duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar bashin, dole bankinsa ya tuntuɓe shi ya ja masa kunne.

Amma kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na mai biyan kusan duka. Takarda ta ce 1,000, ya biya 950, yana ganin saura 50 ai ba komai, ruwansu nawa ne? Abin da bai sani ba shi ne wannan ragin ya rushe masa lokacin sassauci gaba ɗaya. Daga nan duk sabuwar sayayya da ya yi da katin za ta fara cin ruwa tun ranar da ya yi ta, domin ruwan katin bashi kullum-kullum ake lissafa shi, ana raba na shekara gida 365. A wasu ƙasashen ma, kamar Birtaniya, bankuna da yawa kan koma baya su lissafa ruwa a kan dukan sayayyar watan, har da ɓangaren da aka riga aka biya. Sannan ko ya biya komai a wata mai zuwa, sai ya ga wani ɗan ruwa ya sake ɓullowa a takarda ta gaba, na kwanakin da ke tsakanin fitowar takarda da ranar da kuɗinsa ya shiga. Mutum na ganin ya gama da kati, ya daina duba shi, wannan ɗan guntun ya zauna har wa'adi ya wuce, tara ta hau. Na ga wannan ya faru da mutane masu tsantseni sosai.

Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: duk katin da ka kasa biyan takardarsa cif, cire shi daga jaka. Kada ka sake sayen ko allura da shi sai ka ga takardu biyu a jere babu ruwa a cikinsu. Sayayyar yau da kullum ta koma kan katin da yake tsaf, ko kan katin cirar kuɗi. Wannan ne babban amfanin riƙe kati fiye da ɗaya, amma sai ka ga mutum yana ta goga katin da ke cin ruwa, mai tsaftar kuma yana kwance a gida.

Mataki na uku: tara ranakun biya wuri ɗaya

Bankuna da yawa suna yarda a sauya ranar biya, wasu ta manhaja, wasu sai an kira su. Kyauta ne, mutane dai ba sa tambaya. Mayar da duka katunan su faɗo kwana huɗu ko biyar bayan shigar albashinka. Na san wannan yana rage dabarar nan ta zaɓen katin da bai daɗe da rufe lissafi ba, tunda za su riƙa rufewa kusan tare. Na yarda da asarar. Sabon shiga ya fi buƙatar ya daina mantuwa a kan ya ci ribar kwanaki.

Sai ka kunna wa kowane kati cirewa kai tsaye daga asusunka, ka zaɓi jimillar takardar wata. Idan kuɗin shigarka ba tsayayye ba ne, saka shi a kan mafi ƙaranci don kada tara ta same ka, sauran ka biya da hannu. Kada ka bari sai ranar ƙarshe, musamman idan daga wani banki za ka turo, domin kuɗin na iya kwana a hanya, ranar hutu kuma ba ruwan banki da uzurinka. A Amurka jinkirin da ya kai kwana 30 yana shiga tarihin bashin mutum, ya zauna har shekara bakwai.

Mataki na huɗu: kowane kati da aikinsa

Uku sun isa. Ɗaya na hidimar yau da kullum, ɗaya na kuɗaɗen da ke fita duk wata kamar intanet da inshora, ɗaya na tafiya ko na ko-ta-kwana. Na tafiyar ya zama wanda ba ya cajin sayayya da kuɗin waje, domin wasu katunan kan yanki kusan kashi 3 cikin ɗari a kan kowace irin wannan sayayya. Kuma kasafinka guda ɗaya ne. Iyakar katuna uku ba albashi uku ba ce, abin da za ka iya biya a ƙarshen wata shi ne iyakarka ta gaskiya.

Batun garaɓasa da maki da ake kwaɗaita wa mutane, a yi lissafi. Katin da ke mayar maka da kashi 2 cikin ɗari yana iya karɓar ruwa kashi 24 idan ka bar bashi ya kwana. Kati mai kuɗin shekara kuma, idan abin da ka samu a kansa bai kai abin da ka biya ba, nemi bankin ya mayar da kai kan wanda ba shi da wannan cajin. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi kuwa, manta da ita: ba ta da lokacin sassauci, ruwa na farawa nan take, ga caji na daban a kai.

Mataki na biyar: idan bashin ya riga ya taru

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin ɓoyewa ba ne. Biya mafi ƙaranci a kan duka katunan, duk rarar da ta saura ka zuba ta a kan wanda ruwansa ya fi tsada, idan ya mutu ka koma na biye da shi. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi don su ga kati ɗaya ya fita, gwiwarsu ta yi ƙarfi. Ya fi tsada kaɗan, amma idan shi zai sa ka ɗore, yi shi.

Akwai katunan da ke karɓar bashin wani katin su ba ka watanni babu ruwa. Suna da amfani, sai dai ana yankar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari tun wajen ɗauko bashin. Raba kuɗin da yawan watannin, ka biya haka duk wata, kada ka yi sayayya da sabon katin, kada kuma ka koma cika tsohon da ya zama fanko.

Mataki na shida: makinka da batun rufe kati

A tsarin FICO na Amurka, wanda ke auna amincin mutum wajen biyan bashi da maki daga 300 zuwa 850, biya a kan lokaci ke da kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ke kanka kashi 30, daɗewar tarihi kashi 15. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada bashinka ya wuce kashi 30 cikin ɗari na iyakarka, ƙasa da haka ma ya fi. Bankuna galibi adadin ranar rufe lissafi suke aika wa kamfanonin adana tarihin bashi irin su Experian, Equifax da TransUnion, don haka idan kana shirin neman rancen gida ko mota, rage bashin kafin a rufe lissafi.

A ce iyakokinka 2,000, 3,000 da 5,000 ne, ana bin ka 2,500, kashi 25 ke nan. Ka rufe na 5,000 saboda ba ka amfani da shi, nan take ka koma kashi 50 ba tare da ka kashe komai ba. Tsohon kati marar kuɗin shekara a bar shi, a ɗora masa wani ƙaramin caji na wata-wata don kada banki ya rufe shi da kansa. Amma idan katin ne ke jan hannunka zuwa kashe-kashe, rufe shi, maki zai farfaɗo. Sabon kati kuma kada a nemi biyu a ɗan tsakani, kowace nema tana barin alama a tarihinka.

Saura duba takardu. Kunna saƙon sanarwa a kan kowace sayayya, ka karanta takardar kowane kati layi-layi sau ɗaya a wata, musamman wanda ba ka cika taɓawa ba, domin 'yan damfara kan fara gwada ƙaramin kuɗi kafin su ɗebi babba. Ka ga abin da ba ka gane ba, daskarar da katin a manhaja, ka kira lambar da ke bayansa a ranar.