Yadda Ake Kula da Majinar da Ke Kare Hanci, Huhu, Ciki da Hanji

Mafi yawan mutane ba sa tuna majina sai ranar da mura ta kama su, kuma suna ɗaukarta a matsayin ƙazanta da ya kamata a fyace a yar. Alhali kuwa lafiyayyen mutum yana samar da ita dare da rana, yana haɗiye mafi yawanta ba tare da ya sani ba, domin ita ce shimfiɗar da ta lulluɓe hanci, maƙogwaro, huhu, tumbi, hanji, fuskar ido da bakin mahaifa. Wanda yake son ya kula da wannan shimfiɗa, dole ne ya fara sanin abin da aka gina ta da shi.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na majina ruwa ne. Abin da ke riƙe ruwan ya ba shi yauƙi shi ne wani rukunin furotin da masana ke kira musin, kuma a jikin ɗan'adam akwai kimanin iri 20. Siffar musin ta yi kama da burushin wanke kwalba: akwai doguwar sanda ta furotin a tsakiya, wadda ta ƙunshi sinadaran sirin da tiriyonin da yawa, sannan a jikin waɗannan sinadarai ne ɗaruruwan gajerun sarƙoƙin sukari suke maƙale kamar gashin burushi. Sukarin nan ya fi rabin nauyin musin gaba ɗaya, kuma shi ne ke jawo ruwa ya riƙe shi, shi ne kuma ke hana sinadaran narka abinci su yanka sandar furotin ɗin. A ƙarshen kowace sanda akwai sinadarin sistin mai ɗauke da farar wuta, wanda ke ɗaure sanda da 'yar'uwarta har su zama raga. Ƙwayoyin halittar da ke ƙera musin suna ajiye shi a dunƙule tare da sinadarin kalsiyam, kuma da zarar sun sake shi ya haɗu da ruwa da bikabonet, wani sinadari mai kashe tsamin asid, sai ya kumbura ya ninka girmansa sau ɗaruruwa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Daga nan za a gane cewa majina mai kyau tana buƙatar abu biyu: ragar ta kasance ba ta yage ba, kuma ta sami isasshen ruwa.

A fara da hanci da huhu, domin nan ne iskar ƙasarmu ta fi yi wa illa. A hanyoyin numfashi musin iri biyu ne suka fi yawa, wato MUC5AC da MUC5B, kuma a ƙarƙashinsu akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, waɗanda ke kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa guda suna tura majina da ƙurar da ta kama zuwa maƙogwaro. Idan hunturu ya shigo da busasshiyar iska da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ruwan majina yana raguwa, sai ta yi kauri ta danne waɗannan gashi, aikin share hanya ya tsaya. Ba banza ba ne cutar sanƙarau ta fi ɓarkewa a lokacin rani a yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, kamar yadda ta yi mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya da Nijar a shekarar 1996, domin bushewa da ƙura suna raunana fatar hanci da maƙogwaro inda ƙwayar cutar ke zama. Riga-kafi shi ne babban kariya daga sanƙarau, amma kula da hanci yana da nasa gurbi.

Abin yi a nan ba mai tsada ba ne. A riƙa shan ruwa ko da ba a jin ƙishirwa, domin sanyin hunturu yana ɓoye ƙishi. A rufe hanci da takunkumi ko rawani ko mayafi idan an hau babur ko ana shara, kuma a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a sa tsintsiya. Idan hanci ya bushe ko ya toshe, a haɗa ruwan gishiri: a tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, sannan a ɗiga ko a shaƙa kaɗan a kowane ƙofar hanci a fyace a hankali. Tafasa ruwan wajibi ne, kuma a sake sabon haɗi kowace rana. Mutane da yawa suna shafa man kaɗanya ko basilin a hanci, wanda ba laifi ba ne idan a bakin hancin aka tsaya, amma kada a riƙa cusa shi can ciki kullum, domin maiƙo yana iya gangarawa huhu. Hayaƙin taba da na itacen girki suna kashe kuzarin ƙananan gashin nan kuma suna sa jiki ya ƙera musin fiye da kima, saboda haka a yi girki inda iska ke shiga da fita, kuma a nisantar da jarirai daga murhu.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare wanda ya kamata a gyara. Idan majina ta koma rawaya ko kore, mutane sukan ruga kemis su sayi maganin kashe bakteriya. Wannan launi yana fitowa ne daga wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma yana bayyana har a murar da ƙwayar bairos ta haddasa, wadda irin wannan magani ba ya taɓa ta. Abin da ya cancanci zuwa asibiti shi ne tarin da ya wuce mako biyu, wanda ke buƙatar gwajin kaki don neman tarin fuka, ko jini a cikin kaki, ko zazzaɓi mai zafi tare da ƙarancin numfashi.

A tumbi kuwa, aikin musin ya fi ban mamaki. Ruwan asid ɗin ciki yana da ƙarfin narka nama, amma bangon tumbi bai narke ba, saboda siririyar shimfiɗar musin iri biyu, wato MUC5AC da MUC6, tana riƙe bikabonet a jikin bangon, ta yadda asid ke mutuwa kafin ya isa ga tsoka. Abu biyu ne suka fi huda wannan garkuwa. Na farko ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, wadda ke sarrafa sinadarin yuriya ta rage tsamin wurin da take, sai majinar ta tsinke ta sami hanyar iyo. Barry Marshall da Robin Warren na ƙasar Ostireliya ne suka gano alaƙarta da gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke hana jiki ƙera sinadarin da ke umartar tumbi ya fitar da majina da bikabonet. A ganina wannan na biyun ya fi cancantar jan kunne, ganin yadda leburori da manoma da direbobi ke haɗiyarsu kullum don gajiya. Kada a sha su kwanaki a jere ba tare da umarnin likita ba, kada a haɗa iri biyu a lokaci guda, kuma wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ya garzaya asibiti, domin alama ce ta zubar jini. Mai fama da olsa da ba ta jin magani ya nemi a yi masa gwajin ƙwayar Helicobacter pylori.

Babban hanji yana da shimfiɗa biyu ta musin mai suna MUC2, kamar yadda masu bincike a jami'ar Gotenbag ta ƙasar Suwidin suka bayyana a 2008: ta ciki mai ƙarfi da ke nisantar da bakteriya daga bango, da ta waje mai laushi inda bakteriya masu amfani ke zaune suna cin sukarin musin. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa idan abinci ya rasa dusa da zaren ganye, waɗannan bakteriya sukan juya kan majinar da ci har ta sirance. Don haka a riƙe wake, gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba, zogale, rama da kuka. Ya kamata a faɗa cewa yauƙin kuɓewa da karkashi ba musin ba ne, sarƙoƙin sukari ne na tsiro, kuma ba ya zuwa ya manne a hanji ya maye gurbin majina. Amfaninsa shi ne yana ciyar da bakteriyar da in ba don shi ba da sun ci majinar. Zawo mai majina da jini, wato atini, yana buƙatar gwaji da magani, tare da ruwan gishiri da sukari.

Ido ma yana da nasa musin da ke sa hawaye su kwanta a fuskarsa, kuma ƙwayoyin da ke ƙera shi suna ɓacewa idan jiki ya rasa bitamin A, sai ido ya bushe, sau da yawa bayan dundumi ya riga ya bayyana. A riƙa ba yara manja, karas, mangwaro, ƙwai da hanta, kuma a kai 'yan wata 6 zuwa shekara 5 karɓar ɗigon bitamin A duk bayan wata shida a asibitin shan magani mafi kusa.